Tikitin da ke ɗauke da sunan Argungu

Ana idar da sallar asuba a masallacin layinmu na Gesse a Birnin Kebbi motar ofis ta tsaya a ƙofar gida, muka kama hanya. Mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, duk ma'aikatan gona, an tura mu Japan kwas na mako uku kan irin shinkafa. Abin da ke rubuce a takardar ofis ke nan, kuma gaskiya ne. Amma ku da kuka daɗe kuna bibiyata a nan kun san akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Ranar Lahadi ta biyu cikin kwas ɗin, mawaƙiyar nan da na shekara ashirin ina sauraro za ta hau dandamali ita kaɗai, ni kuma ina da tikiti. Abin da ban sani ba shi ne ko za a bar ni in shiga da shi.

Bari in yi wa sababbin zuwa bayani. Lokacin ina ɗaliba a Birnin Kebbi aka tura ni koyon aiki fadamar Argungu, na haɗu da wata masaniyar shinkafa 'yar Japan da ta yi damina guda tare da mu. A motarta akwai faifan wasu 'yan mata masu waƙa a tare. Cikin muryoyin akwai wata mai ɗan kaushi, wadda duk ta shigo sai in bar abin da nake yi. Ban san ko kalma ɗaya ba, amma kafin a yanke shinkafa na haddace faifan kaf. Da malamar tawa za ta koma ta bar mini shi, daga baya kuma ta yi mini rajista a ƙungiyar masoyan yarinyar da adireshin gidanta na can, don ba sa karɓar na waje. 'Yan matan sun watse tuntuni, tawa ta ci gaba ita kaɗai, ni ma na ci gaba da binta. Na yi aure, na haifi huɗu, na zama shugabar sashe, ban daina ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Matsalar daga suna take. A makarantar kwana mun yi yawa masu suna ɗaya, sai aka liƙa wa kowacce sunan garinsu. Ni na zama ta Argungu, sunan ya bi ni har katin ɗalibta, daga katin kuma malamata ta kwafa. Baba bai taɓa son abin ba. In ya ga takardar sakamakona sai ya ce, "Gari na ya haihe ki?" Bayan rasuwarsa, da na zo yin fasfo, sai na sa sunansa. To a can ba a sayen tikitin irin wannan wasa haka kawai, ƙuri'a ake yi tsakanin 'yan ƙungiya. Bana na shiga karon farko, ta faɗo kaina. Saura kwana uku mu tashi malamata ta aiko saƙo cewa a bakin ƙofa ana gwada sunan tikiti da na katin shaida mai hoto, ba a canzawa, ba a ba wani. Ita kuma ta tsufa, tana can arewacin ƙasar, ba za ta iya zuwa ta tsaya mini ba. Tikiti na cewa Argungu, fasfo na cewa Baba.

Sai na yi abin da kowane ɗan ƙasar nan zai yi: na tafi kotu na yi rantsuwa, aka ba ni takarda da jan hatimi da hotona, mai cewa sunayen nan biyu duk nawa ne. Maigidana ya juya ta gaba da baya ya ce da irin wannan ko fili sai in saya. Na sa ta a leda na adana, hankalina ya ɗan kwanta. Saura tsohon katin ɗalibta, wanda ke cikin akwatin ƙarfen Inna a Argungu. Shi ya sa na dage sai mun bi jirgin Sakkwato, don hanya ta bi da mu ta gida.

Mun wuce Ambursa gari na wayewa. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai, fadama kore shar har inda ido ya tsaya. Titin da sauƙi, ban da wurare biyu da ruwa ya ci gefensa, inda direbanmu ya rage gudu yana yi wa masu gyaran hanya addu'ar da ba zan rubuta ba. Shugaban tawagarmu ya yi ta duba agogo, yana tuna mini cewa jirgi ba ya jiran mai neman kati.

Na tarar da Inna tana dama kunu. Ko zama ban yi ba na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Zannuwan da ba ta taɓa ɗaurawa ba, katin rigakafinmu, tasbahar Baba, sai can ƙasa ga shi cikin wani ambulan da ya koma ruwan ƙasa. Yarinya siririya, ido zuru-zuru, da tsaga biyu a kowane kunci, waɗanda kakata ta sa aka yi mini ranar suna.

"Wanga kati mi za ki yi da shi?" in ji Inna. "Ba kin ƙare boko ba?"

"Wajen waƙa za ni shiga da shi, Inna."

"Waƙa. Ki bar ɗiya huɗu gida, ki ƙetare ruwa, ki tahi kallon waƙa."

"Aiki anka tura ni."

"Na san aikin," ta ce, ta ci gaba da damunta.

Duk da haka ba ta bar ni na fita ba sai da ta cusa mini ƙullin yaji da busasshen kifi a jaka, ta dafa kaina ta yi addu'a. Muka tsaya bakin tasha muka sayi masa mai zafi, wadda ta ƙanƙance tun zuwana na ƙarshe amma kuɗinta ya girma.

Daga Sakkwato sai Abuja, daga Abuja jirgi biyu, da zaman jira a tsakani wanda ya isa mutum ya yi tsifa ya sake kitso. Ban san duniya na da faɗi haka ba sai da ƙafafuna suka kumbura. Da muka sauka, wani ɗan kare mai riga ya zo ya zauna a gaban jakar shugabanmu, ya ƙi tashi. Kilishi ne, leda uku, kuma ba a shiga ƙasar da nama. Jami'an filin jirgin suka karɓe suna ta sunkuyar masa da kai. Kifina ya tsira. Har muka dawo, in aka ambaci kare sai shugaban namu ya canza fuska.

Makon farko aiki ne tsantsa. Cibiyar da muka sauka tana wani ƙaramin gari mai tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga babban birni. Gonakinsu ƙanana ne, a miƙe kamar an ja da zare, kuma kusan duk manomin da muka gani ya girme ni nesa ba kusa ba. Wani tsoho ya nuna mana yadda yake tace iri da ruwan gishiri, mai kyau ya nutse, marar kyau ya taso, ya yi mamaki da na ce muna yi a Kebbi. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, da ka ɗan tuƙa ta ta zama tuwo. Amma tsada! Ɗan ƙullin da bai wuce kwano biyu ba, kuɗinsa ya tasar wa rabin buhu a gida. Don gudun naman alade muka tsaya kan ƙwai da kifi da wani dunƙulen shinkafa da ake naɗewa cikin baƙin ganyen teku. Da yajin Inna ya shiga, har abokiyar ɗakina da ta rantse ba za ta ci ba ta koma cin uku.

Duk yamma in mun tashi sai in fito da takarduna in jera a kan gado: fasfo, kati, takardar kotu. Na rubuta wa masu shirya wasan ta waya sau biyu, amsa ɗaya suka ba ni, cewa sai a bakin ƙofa za a duba.

Ranar Lahadi na sa hijabi ruwan lemo da na ba tela a unguwar Nasarawa ya ɗinka musamman, don kowace mawaƙiya a can tana da launinta, wannan ne nata. Abokiyar ɗakina ta ce za ta raka ni, ko don ta ga masu irin ciwona. Jirgin ƙasan ya zo a kan minti. Cike yake, amma shiru kamar ana jarrabawa. Na haɗa azahar da la'asar a wani ɗan ɗaki da aka ware a babbar tasha, don ƙarfe biyu za a fara.

Tun daga bakin tashar na fara ganin ruwan lemo: riguna, tawul a wuya, jakunkuna. Na zaci yara zan tarar. Ina! Mata sa'o'ina, maza masu furfura, wata da sandar dogarawa, kowa a layi, ba mai ture wani. Na sayi 'yar fitilar da ake ɗagawa, mai kamar guntuwar sanda, na bi layi.

Yarinyar da ke ƙofa ta haska tikitin a wayata, ta buɗe fasfo, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta gicciye 'yan yatsunta biyu alamar a'a, ta sunkuya, ta raka ni wani tebur a gefe. Can na zaro takardar kotu da hannu biyu, na shimfiɗa ta a gaban wani saurayi da ke kula da teburin, ina jin ai magana ta ƙare. Ya ɗora wayarsa a kai ta fassara masa. Ya karanta har ƙasa, ya shafa jan hatimin da yatsa, sannan ya ɗauko wani allo mai jerin takardun da suke karɓa, ya bi su da ni ɗaya bayan ɗaya. Tawa ba ta ciki. Katin ɗalibta kuwa ya daɗe da mutuwa. Ya ba ni haƙuri ya fi sau biyar. Ban taɓa ganin wanda ya hana ni abu da ladabi irin wannan ba, har na ji kamar ni ce zan ba shi haƙuri.

Da a gida ne na san abin yi. In ɗaga murya, ko in kira wanda ya san wanda ya san mai wurin. A nan ban san kowa ba, murya kuma ba ta da kasuwa. Abokiyar ɗakina ta ja hannuna ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri mu tahi, kin dai ga wurin." Na ce mata ba wurin na zo gani ba. Na ajiye jakata a ƙasa, na rubuta a waya ta fassara wa saurayin: zan jira shugabanku, ko zuwa yaushe ne. Ya ce tana ciki, tana da aiki. Na ce ni ba ni da wani aikin sai wannan.

Na tsaya. Layin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Saura minti goma, saura biyar. Wata mata da wayarta ta mutu aka kawo ta teburin, aka warware mata nata nan take. Har ta juya za ta ruga, sai idonta ya faɗa kan lambata ta ƙungiya a fuskar wayata. Ashe a wajensu lambar nan abin alfahari ce, don bi da bi ake bayarwa, mai ƙaramar lamba shi ne tsohon masoyi. Ta rufe baki da hannu, ta nuna mini tata, wadda ta fi tawa tsawo. Tana jin Turanci kaɗan-kaɗan. Ta tambaye ni daga ina, na faɗa mata, ta dubi ƙofar zauren, ta dube ni, ta sauke jakarta kusa da tawa. Muna tsaye aka rufe ƙofofi, muka ji ihun mutane ya tashi a ciki.

Sai da aka yi waƙa biyu shugabar ta fito, wata dattijuwa mai gajeren gashi da waya a kunne. Matar nan ta zama tafintata. Wannan karon ban fara da takardar kotu ba. Na buɗe fasfo na ɗora yatsa a layin wurin haihuwa, inda aka rubuta Argungu, na ajiye katin ɗalibta kusa da shi. Ta tambaya me zai sa mutum ya ɗauki sunan gari. Na ba ta labarin makarantar kwana, da na Baba. Ta buɗe kwamfuta ta ce in faɗi adireshin da aka yi rajista da shi. Adireshin da na yi shekaru ina rubutawa a bayan ambulan? Na karanto shi da ka, har lambar gida. Ta gyaɗa kai.

Sai ta ɗaga katin ta kawo shi daidai fuskata. Yarinyar cikin hoton da matar da ke tsaye ba su da wata kama ta a zo a gani, na sani, haihuwa huɗu ba wasa ba ce. Ta daɗe tana kallo. Can ta taɓa nata kuncin da yatsa biyu, ta yi wata tambaya a hankali, tafinta ta ce tana neman afuwa, wai ciwo na ji? Na ce a'a, shaidar gidanmu ce, tun ina 'yar kwana bakwai. Tsagar nan da na yi shekarun makaranta ina rufewa da hoda, ita dattijuwar nan ta ƙirga a hoto, ta ƙirga a fuskata. Ta ɗauki biro ta yi rubutu a wata takarda, ta buga ɗan hatiminta, ta ce wannan karon kaɗai, in je in gyara sunan. Na ce to. Da ta ce in canza shi zuwa nata ma a lokacin to zan ce.

Ba a buɗe ƙofa ana tsakiyar waƙa, sai an kai ƙarshe. Muka tsaya a baranda ni da tafintata da mai tsaron ƙofa. Kiɗan da ya taso kuwa na waƙar nan ne ta cikin motar fadama, wadda na fi so duk duniya, wadda saboda ita na so zuwa. Ta bayan ƙofa na ji ta, daga farko har ƙarshe. Na jingina goshina da katakon ina bin ta a hankali, hawaye na zuba, ban ma damu da gogewa ba. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Matar nan ta zare tawul ɗin wuyanta ta miƙo mini, alhali saboda ni ita ma ta rasa waƙar.

Da aka buɗe, sai na ga duhu cike da fitilu ruwan lemo, dubbai, suna tafiya gaba da baya a tare ba mai kuskurewa. Kujerata na can sama, layi na kusa da ƙarshe. Daga nan mawaƙiyar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, amma ita ce. Ta manyanta. Muryar ta ƙara kauri, tana tsayawa shan ruwa tsakanin waƙoƙi, rawar da take yi da tsalle a da yanzu da taku take yin ta. Wannan ya fi komai taɓa ni, don ni ma gwiwata ta fara ba ni labari. Tana hira da mutane su yi dariya, ni ma in yi tawa a makare. Da ta zauna a kujera za ta yi wata mai sanyi, kowa ya kashe fitilarsa, zauren ya yi tsit har ina jin jan numfashinta. Sauran kuwa na rera su da ƙarfi da Japanancina na fadama, dattijon da ke gefena yana satar kallona yana murmushi.

Masu tambayar hoto ku yi haƙuri, ba a ɗauka, kuma ban ga ko mutum ɗaya ya ɗaga waya ba. Da ta gama ta shige, aka yi ta tafi ana kiran sunanta har ta dawo ta ƙara biyu, ta zagaya gefen dandamali tana ɗaga hannu, ta sunkuya ta daɗe ba ta ɗago ba. Kafin magariba an tashi. Layi-layi aka fita, kowa da shararsa a hannu. Na nemi tafintata a cikin taron ban gan ta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Abokiyar ɗakina na same ta a bakin tasha ta ci dunƙulen shinkafa huɗu.

Sauran kwanakin kwas suka wuce da sauri, muka karɓi takardunmu, muka juyo. A hanyar Sakkwato zuwa Argungu na yi ta tunanin abin da na ƙaru da shi, ban da tace iri. Na gane takardar da ke buɗe kowace ƙofa a gida takarda ce kawai a wani wuri, don haka mai tafiya ya tambayi dokar inda za shi tun da sauran lokaci. Na gane ana iya kafewa ba tare da an ɗaga murya ba. Kuma na gane in kana son abu tsakani da Allah, ko a ƙarshen duniya ne za ka tarar da wanda zai sauke jakarsa kusa da taka.

Mun iso Argungu da la'asar, na ce direba ya ba ni minti goma. Inna na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa.

"Sun bar ki kin shiga?"

"Sun bari, Inna. Da ƙyar."

"Ita mai waƙar, ta san kin zo?"

Na ce a'a, mutane dubbai ne, ni kuma ina can sama. Ta ajiye faifan shinkafar ta dube ni, na ga abin bai yi mata daɗi ba.

"Shekara ashirin, ko gaisawa ba ku yi ba."

"Ba a yi, Inna."

Direba ya danna hon a waje.

"Amma ke kin gane ta? Da idonki?"

"Da idona."

"Lahiyatta lau?"

"Lau. Sai dai ta manyanta, awa ni."

Inna ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. "To ziyara ta yi," ta ce. "Tashi ki tahi, ɗiyanki na jira."